Wata biyar da biyan kuɗin na'ura, kaya shiru, Yaya kuma ya fara tambaya

Assalamu alaikum Kawu, ya gida, ya zafi. Ni matashi ne a Garwa, ina da ɗan situdiyo a unguwarmu inda nake ɗaukar muryar masu bege da mawaƙan biki, jefi-jefi da tallan rediyo. Na daɗe ina sha'awar wani fire-amfili, na'urar da ake jona wa makirufo don murya ta fito da kauri da tsabta. Wani ƙaramin kamfani ne a Turai yake haɗa shi da hannu. Ba sa ajiye kaya, sai ka biya sannan su ƙera. Kuɗinsa yuro 900. Ina da kusan rabi, sauran sefa 300,000 yayana ya ranta mini daga jarin shagonsa, a kan zan mayar masa bayan Sallah. Ɗan gwaggona da ke karatu a Faransa shi ya biya ta PayPal, hanyar biyan kuɗi ta intanet, da sunansa. Za a kai kayan wurinsa, shi kuma ya ba wani mai zuwa Kamaru ya taho da su.

Sun ce mako takwas. Yau wata biyar ke nan. Da farko sun ce taransifoma ce ba ta iso ba, daga baya suka ce akwatin ƙarfen ne aka ɓata wa fenti. Yanzu in na rubuta sai a yi kwana goma kafin a ce mini saura kaɗan. Abin da ya fi tayar mini da hankali, makon jiya na ga sun sanar da wata sabuwar na'ura, suna karɓar kuɗin mutane har da rangwame.

Yaya ya fara tambaya. Kunya ta sa na ce masa kaya sun iso Duwala, duwan, wato kwastan, ne suka riƙe. Tun daga ranar na kasa cin abinci a gidansa. Kawu, damfarata aka yi? In jira ko in nemi kuɗina? In na nema zan rasa layina, ga shi na riga na yi wa masu zuwa ɗaukar murya alkawarin sabon sauti. Yaya kuma zan yi da Yaya?

Ɗanka daga Garwa

Wa alaikumus salam ɗana. Gida lafiya, zafi kuwa lokacinsa ne.

Kafin mu kai ga damfara ce ko ba damfara ba, akwai aikin da ba zai jira gobe ba. Ka kira ɗan gwaggonka yau ɗin nan, ya buɗe asusunsa na PayPal ya karanto maka ranar da kuɗin suka fita, rana da wata. PayPal na ba mai saye kwana 180 ya kai ƙarar cewa kaya ba su iso ba, kuma daga ranar biya ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka yi alkawarin kawowa ba. Ka ce wata biyar, wato wajen kwana 150. Abin da ya rage maka bai wuce wata guda ba, in ma wata biyar ɗin naka ba irin lissafinmu na ƙiyasi ba ne. Muddin kwanakin nan ba su cika ba, kana da alƙalin da zai iya ciro kuɗinka daga asusun kamfanin. Suna cika, ka zama mai roƙo. Ya duba kuma ta wace hanya ya biya. In hanyar sayen kaya ce, alhamdu lillahi. In kuwa kamfanin ya sa shi ya tura ta hanyar da ake aika wa dangi da abokai kuɗi, don su kauce wa kamashon PayPal, to wannan hanya ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan, sai mu koma ga bankin da ya ba shi kati.

To, ɓarayi ne? Daga abin da ka rubuta, ban zaci haka ba. Ɗan damfara ba ya tsayawa wata biyar yana amsa saƙo, ko da bayan kwana goma ne. Ya ci ya goge baki tun makon farko. Amma kada wannan ya sanyaya maka gwiwa, domin a harkar nan masu niyyar kirki su ma suna cinye kuɗin mutane.

Abin da kake kira kamfani, yawanci mutum biyu ne ko uku, wani lokaci mutum guda da matarsa, a ɗaki ɗaya mai tebur da abin walda. Su ke zana na'urar, su ke haɗawa, su ke amsa wasiƙu, su ke kai kaya gidan waya. Sassan ciki kuwa ba su ke yi ba. Allon da ake dasa ƙwayoyin lantarki a kai galibi daga China yake zuwa. Akwatin ƙarfen wata masana'anta ce ke yankawa, wata ta yi masa fenti da rubutu. Taransifomar da ke ba irin wannan na'ura kaurin muryar da kake so, masu yin mai kyau ba su da yawa a duniya, irin su Lundahl a Suwidin da Carnhill a Ingila, kuma wanda ya yi odar hamsin dole ya bi bayan wanda ya yi odar dubu biyar. Na'ura mai sassa ɗari biyu, in guda ɗaya bai iso ba, sauran ɗari da casa'in da tara zaman jira suke yi. Don haka uzurin da suka ba ka na taransifoma da fenti ba abin mamaki ba ne, irinsa na faruwa kullum.

Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin kowa. A watan Oktoban 2020 gobara ta cinye masana'antar kamfanin AKM a garin Nobeoka na Japan, inda ake yin ƙwayoyin da ke juya murya zuwa lissafin kwamfuta. Kamfanonin kayan sauti da dama, manya da ƙanana, sai da suka sake zanen na'urorinsu don su yi amfani da ƙwayar wani kamfanin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, masu amfili irin na kwalba, wato mai aiki da kwan gilashi irin na tsohuwar rediyo, suka shiga tasku, saboda masana'antun kwalbar a duniya 'yan ƙalilan ne, babba daga ciki kuma tana Saratov a Rasha. Daga ƙarshen 2023 jiragen ruwa da yawa suka bar bi ta Bahar Maliya suna zagaye Afirka ta kudu, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye. Ga kuma hutun sabuwar shekarar China da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, wanda masana'antu ke rufewa makonni. Duk wanda ya yi maka alkawarin mako takwas a watan Disamba bai sa wannan a lissafi ba, ko bai san sana'arsa ba ko bai so ka sani ba.

Amma duk wannan bayani ne na dalilin jinkiri. Bai amsa tambayar da ta fi damuna ba, wato ina kuɗinka suke yanzu.

Banki ba ya cika ranta wa irin waɗannan mutane jari. Masana'anta kuma ba ta yanka akwati goma, sai ɗari. To ina za a samo kuɗin ɗari? Daga aljihunka da na ire-irenka. Kai kana ganin kaya ka saya, alhali jari ka zuba, ba ruwa, ba riba, ba jingina. Ka san telan unguwa in Sallah ta matso. Ya karɓi yadin mutum sittin da kafin alƙalaminsu, ƙarfinsa bai wuce na talatin ba. Ba ɓarawo ba ne, kowa ya san gidansu. Kuɗinka ya sayi zaren rigar wani, kuɗin wanda ya zo bayanka shi zai sayi naka. Wa ake fara ɗinka wa? Wanda ya zo ya zauna a kan benci ya ƙi tashi. Mai kunya da ke aiko gaisuwa daga nesa, shi ke zuwa Idi da tsohuwar riga. Sai dai tela ya fi sauƙi, domin in ka gaji yadinka na nan a kan kanta, ka ɗauki abinka. A wancan ɗakin na Turai babu wani abu mai sunanka a jiki. In kamfanin ya karye, ma'aikata da hukumar haraji da banki su ke gaba a rabon abin da ya rage. Masu odar da aka biya ba a kawo ba suna can ƙarshen layi, kuma sau da yawa kafin a zo kansu an gama.

Shi ya sa a wasiƙarka duka, layin da na karanta sau biyu shi ne na sabuwar na'ura da rangwame. Mutumin da bai sallami masu binsa kaya ba, ya fito yana neman sababbin masu biya, har yana rage farashi don su yi sauri, akwai alamar yana neman kuɗin da zai ƙarasa tsohon aiki da su ne. Ban ce tabbas haka ne ba. Yana yiwuwa zanen sabuwar ya daɗe da kammaluwa. Amma in ka haɗa shi da uzurin da ke canja kama, da amsar da ta koma saura kaɗan ba rana ba wata, ya isa mai hankali ya daina jira hannu rabbana. Wanda jinkirinsa na gaskiya ne, kuma aljihunsa da sauran nauyi, yakan faɗi sunan abin da ya maƙale da ranar da ake sa ran zuwansa, ya nuna hoton na'urorin da aka haɗa suna jere a kan tebur, ya rubuto wa masu jira tun ba su tambaya ba. Babban ma'auni kuwa shi ne, in ka ce a mayar maka da kuɗinka ya mayar ba gardama, domin ya san akwai mai jiran gurbinka.

Wannan ciniki na biya yau a kawo gobe ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. A littattafan fiƙihu sunansa salam. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna. Bai hana su ba, sai ya gindaya sharaɗi: awo sananne, nauyi sananne, zuwa ajali sananne. Ka auna cinikinka da wannan. Na'urar sananniya ce, da sunanta da siffarta. Kuɗi an biya. Ajali fa? Ka sake duba shafin da kuka yi odar. Zai yi wuya ba ka tarar an rubuta "kimanin mako takwas" ko "ana sa ran" ba. Wannan fata ne, ba ajali ba ne. Cinikin biri a sama aka yi, da yardarka. Malamai kuma sun yi bayanin abin da mai saye zai yi idan lokaci ya yi kaya ba su samu ba: ko ya yi haƙuri ya jira, ko ya karɓi uwar kuɗinsa, ba ƙari ba ragi. Ni ba mai fatawa ba ne, malamin unguwarku zai faɗaɗa maka. Na kawo shi ne don ka daina jin kamar neman kuɗinka rashin kunya ne ko rashin tawakkali. Haƙƙinka ne.

Saboda haka shawarata ba "jira" ba ce, ba kuma "fasa" ba. Ka sa wa cinikin ajalin da tun farko ba a sa masa ba, a rubuce, kuma ajalin ya cika tun kwanakin PayPal ba su ƙare ba.

Ɗan gwaggonka ne zai rubuta, domin a takarda shi ne mai saye, ba kai ba. Wannan ma ya zama alheri. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 kan haƙƙin masu saye ta ce mai sayarwa ya kawo kaya a lokacin da aka yi yarjejeniya, in ba a ambaci lokaci ba to cikin kwana 30. In ya saɓa, mai saye ya ba shi ƙarin wa'adi daidai gwargwado, in ya sake saɓawa mai saye na da ikon warware cinikin a mayar masa da kuɗinsa duka. A Faransa wasiƙar wa'adin ita ake kira mise en demeure, kowane ɗalibi da ya taɓa rigima da mai gidan haya ya santa. Kariyar ta mutum ce mai saye da sunansa, ba ta kamfani mai sayen kayan aiki ba, don haka kada a cusa sunan situdiyo cikin maganar.

Wasiƙar ta zama gajera, ba zagi, ba magiya, ba labarin Yaya. Lambar oda, ranar biya, adadin kuɗi, lokacin da aka yi alkawari. Sannan: "Ina ba ku kwana 14 daga yau. Ko ku aiko da kayan tare da lambar bibiya, ko ku mayar da yuro 900 ta hanyar da aka biya. In ranar ta wuce zan kai ƙara PayPal." Tunda kana tsoron rasa layinka, a ƙara musu ƙofa ta uku: su mayar da kuɗin su bar sunanka a layi, ranar da na'urar ta kammala a cikin kwali ka biya nan take. Kamfanin da ke tsaye da ƙafarsa ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya ƙi, ya gaya maka halin da asusunsa ke ciki ba tare da ya furta ba.

In lissafi ya nuna kwanakin da suka rage ba su kai ashirin ba, kada a tsaya jiran wa'adi. A shigar da ƙarar yau, wasiƙar ta bi baya. Shigar da ƙara ba yanke zumunci ba ne. Matakin farko tattaunawa ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma akwai kwana 20 kafin a ɗaga ta zuwa inda PayPal da kansa zai yanke hukunci. Sai dai in kwana 20 ɗin suka wuce ba a ɗaga ba, ƙarar na rufe kanta. Ɗalibi kuma ga karatu ga aikin dare, mantuwa ba ta yi masa wuya. Kai ne za ka riƙa tuna masa.

Akwai dabarun da za ka iya gani a kwanakin nan. Ana iya turo lambar bibiya, ka yi murna, alhali takardar aikawa kawai aka buga, kwalin bai bar ɗaki ba. Lamba ba ta zama hujja sai ta nuna kamfanin jigila ya karɓi kaya sun motsa daga gari zuwa gari. Ana iya cewa a janye ƙarar tukuna, PayPal ya riƙe musu kuɗi, gobe za a aiko. Kada a janye. Ƙarar da aka rufe ba a sake buɗe ta. Ana iya yi maka tayin takardar bashi ta sayen wani kaya a wurinsu, ko a ce za a sauya maka da sabuwar na'urar nan da ta fi taka, ba ƙarin ko sisi. Wannan na ƙarshe shi ya fi daɗin ji, shi ya fi haɗari, domin ya mayar da kai farkon sabon layi bayan kariyarka ta ƙare. In kuma duk ta PayPal ta kuɓuce, bankin da ya ba ɗan gwaggonka kati yana da tasa hanyar dawo da kuɗin kayan da ba su iso ba, ita ma da wa'adinta. Ya tambaye su tun yanzu ya san iyakarta.

Yanzu maganar Yaya, wadda a ganina ita ce ta hana ka barci, ba na'ura ba.

Bashin da ke tsakaninka da yayanka bai rataya a kan isowar kaya ba. Bai ranta wa Bature ba, kai ya ranta wa. Ko na'ura ta zo ko ta nutse a teku, sefa 300,000 na wuyanka. Kuma kuɗin nan ba daga ƙarƙashin katifa ya ciro su ba, daga jarin shago ne. Mai shago kuɗinsa juyawa suke. Kowane mako da suka yi a waje, akwai kwalin sabulu ko buhun sukari da bai saro ba. Da ya tambaye ka, ba lallai ne zarginka yake ba. Yana so ya san yadda zai tsara sarinsa ne. Ka ba shi amsar da zai gina lissafi a kanta, alhali ba ta da tushe.

Ƙaryar kuma ba mai nisa ba ce. Garwa cike take da masu kai-komo Duwala. Gobe Yaya zai ce yana da aboki tiransite, wato mai fitar wa mutane kaya daga hannun duwan, a tashar jirgin ruwa, ka kawo takardun a fitar maka da kayan. Me za ka miƙa masa? Sai ka ƙirƙiro wata, wannan karon da sunan wani. Ka je tun bai ji daga bakin ɗan gwaggonku ba, wanda shi bai san ma akwai abin da ake ɓoyewa ba.

Kada ka yi ta waya, kada ka yi a shago gaban masu saye. Ka same shi a gida bayan sallar isha. Ka fara da abin da ya fi nauyi: "Yaya, maganar Duwala da na gaya maka ba haka take ba. Kayan ba su baro Turai ba. Kunya ce ta sa na faɗi haka, ka yafe mini." Ka tsaya nan, ka bar shi ya yi faɗansa. Yana da haƙƙin yi. Kada ka katse shi da labarin taransifoma. In ya huce, ka nuna masa rasidin biya a wayarka da wasiƙar wa'adin da aka aika, don ya gani da idonsa kuɗinsa ba shagali aka yi da su ba. Sannan ka zo da tsari, ba da "in Allah ya yarda" kaɗai ba. "Bayan Sallah" da kuka yi da shi, ka lura, irin "kimanin mako takwas" ne. Wace Sallah, kwana nawa bayanta? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka: bashi zuwa ajali ambatacce, a rubuta. Ku rubuta. In kuɗin Turai sun dawo, nasa gaba ɗaya a rana kaza. In ba su dawo ba, kaza duk wata daga aikin situdiyo, farawa daga ƙarshen watan nan. Ko dubu ashirin ce ka riƙe a hannu ranar da za ka je, ta fi dogon bayani. Ka kuma koma cin tuwon gidansa. Matarsa ta riga ta lura ka ɗauke ƙafa, kuma ita ma tana nata lissafin.

Bari in tsoma baki inda ba ka tambaye ni ba. Yuro 900 ɗin nan, a kan canjin da ba ya motsi na sefa 655.957 kowane yuro, sefa 590,000 ne da 'yan kai. Amma ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Kaya sabo a kwalinsa, ko a jakar matafiyi yake, duwan na iya tsayar da shi a filin jirgin Duwala ko na Nsimalen da ke Yawunde. Harajin shigo da kaya a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, hawa-hawa ne, ga TVA ta Kamaru, wato harajin sayen kaya, kashi 19.25 cikin ɗari a kai. In aka sa na'urarka a hawa na sama, abin da za ka biya ya haura rabin kuɗinta. Ka tanadi wannan? Sannan ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ta gangaro dutse a mota zuwa Garwa. Wutarta dai ta dace da tamu, tunda ta Turai ce ba ta Amurka mai ƙarfin volt 120 ba, amma ba a ƙera ta da sanin zafin Afrilu na bakin Binuwai ba, ko ƙurar hunturu, ko wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi. Ba regilato mai kyau, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, kada ka jona ta. Ranar da ta lalace kuma, garantinta na can inda aka haɗa ta, kuɗin kai ta da dawo da ita kaɗai ya isa sayen makirufo.

Ban ce na'urar ba ta da kyau ba. Masu yin irinta da hannu sukan fitar da abin da kunne ke jin bambancinsa. Sai dai waƙar da ka ɗauka, a ina ake sauraronta? A waya, ta WhatsApp, a lasifikar mai shayi, a rediyon mota. A nan abin da ke bayyana shi ne amsa-kuwwar ɗaki, da ƙarar janareta, da babur ɗin da ya wuce ta bayan taga. Ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da kyau, da makirufo na kirki, da kat-son, akwatin da ke shigar da murya cikin kwamfuta, irin su Focusrite da ake samu a Duwala ko Kano ka biya ka ɗauka a hannu, za su ɗaga sautinka fiye da yadda wannan akwati zai yi a ɗakin da bai shirya ba, kuma da ƙasa da rabin kuɗin. In situdiyo ya girma ya fara ciyar da kansa, ka sayi abin marmarin da ribarka. Ranar kuma ka nemi wanda ke karɓar kafin alƙalami kaɗan, sauran sai kaya sun kammala, ko dillalin da ke da ita a kan kanta ko da ya ɗora riba.

Masu zuwa ɗaukar murya da ka yi wa alkawari, wannan mai sauƙi ne. Ka ce musu kayan sun yi jinkiri, kada ka sake sa musu rana. Mai bege da ke son ƙasidarsa ta fito kafin Mauludi ba sunan na'ura ya dame shi ba.

In kuɗin suka dawo, a asusun ɗan gwaggonka za su sauka, ba a hannunka ba. Ku yi magana tun yanzu kan yadda zai turo su da wanda zai ɗauki kuɗin aikawa, kada a buɗe wata sabuwar rigimar a cikin dangi. Tunda da yuro aka biya, canji ba zai ci ka ba, abin da zai ragu kuɗin turawa ne kawai. Suna isowa Garwa, na Yaya su fara fita, cif 300,000, ka kai masa da hannunka a karɓi takardar da kuka rubuta a yage. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare da kamfanin. Allah ya warware, ya sa albarka a sana'a.

Kawunka